Idan Cuta Ta Sauya Riga: Abin da Korona Ta Koya Mana Game da Allurar Rigakafi

A ƙarshen shekarar 2021 akwai wata tambaya da ta riƙa yawo a majalisun unguwa, a motocin haya, har ma a bakin wasu ma'aikatan asibiti: "Wane fa sau biyu aka yi masa allurar nan, ga shi korona ta kwantar da shi. To, ina amfaninta?" Mai wannan tambaya ba jahili ba ne, ba kuma lalle ne taurin kai ke damunsa ba. Shekara guda kafin nan an yi wa duniya albishir da rigakafi mai ingancin kashi 95 cikin 100. Kwatsam sai ga sabon nau'in cutar da aka raɗa wa suna Omikron, yana kama wanda aka yi wa allura, yana kama wanda ba a yi wa ba. Duk wanda ya ga haka da idonsa ya cancanci a zaunar da shi a yi masa bayani.

Yanzu da ƙura ta lafa, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci kan cutar a ranar 5 ga Mayu, 2023, ana iya ba da wannan amsa a tsanake. Allurar korona aiki biyu take yi wa jiki. Na farko, ta hana ƙwayar cutar samun gindin zama tun daga hanci da maƙogwaro. Na biyu, idan ƙwayar ta riga ta shiga, ta hana ta kai mutum gadon asibiti ko kushewa. Sauye-sauyen da ƙwayar ta yi sun karya lagon aiki na farko, amma na biyun ya tsaya da ƙafarsa. Rashin bambance waɗannan biyun ne ya jawo mafi yawan ruɗanin, kuma masu wayar da kan jama'a suna da nasu kason laifin.

Daga ina kashi 95 ya fito?

A gwajin da kamfanonin Pfizer da BioNTech suka yi a 2020, an tara mutum fiye da 43,000, aka raba su gida biyu. Rabi aka yi musu allurar gaske, rabi kuma ruwan gishiri, ba tare da kowa ya san wanda ya samu ba. Daga nan kowa ya koma harkarsa. Da adadin waɗanda suka kamu har suka nuna alamun ciwo ya kai 170, sai aka buɗe littafi aka duba. Mutum 162 daga ɓangaren ruwan gishiri suke, 8 kacal daga ɓangaren allura. Wato inda da mutum 162 ne za su kwanta, allura ta rage su zuwa 8. Wannan ragin shi ne kashi 95. Gwajin Moderna ma kusan haka ya nuna: cikin mutum 196 da suka kamu, 11 ne kawai masu allura.

Alƙaluman gaskiya ne, amma suna da iyaka guda uku da ba a cika faɗa wa mutane ba. An auna su ne a kan ƙwayar da ke yawo a tsakiyar 2020, wadda ba ta yi nisa da ta asalin birnin Wuhan ba. An bibiyi mutanen ne na kimanin wata biyu bayan allura ta biyu, lokacin da garkuwar jiki take kan ganiyarta. Sannan abin da aka ƙirga shi ne ciwo mai alamu, ba duk wanda ƙwayar ta ratsa hancinsa ba. Da ƙwayar ta canza, watanni kuma suka shuɗe, dole lissafi ya canza.

Yadda ƙwayar ke rikiɗa

Ƙwayar korona ba ta da dabara, ba ta kuma shirya makirci. Abin da ta iya shi ne ta shiga ƙwayar halittar ɗan Adam ta tilasta mata buga kwafinta dubbai. Bayanin halittarta haruffa ne kusan 30,000, kuma wajen kwafa akan sami kuskure jefi-jefi. Mafi yawan kurakuran ba sa tsinana mata komai, wasu ma illa suke yi mata. Amma idan mutum miliyoyi suna ɗauke da ita a lokaci guda, sai an dace da kuskuren da zai sa ta fi saurin yaɗuwa, ko ta fi iya zille wa garkuwar jiki. Mai irin wannan sa'a ita ke mamaye sauran. Haka aka sami Alfa a yankin Kent na Ingila, Beta a Afirka ta Kudu, Gamma a birnin Manaus na Brazil, da Delta a Indiya. Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba, domin nau'in Eta a Najeriya da Birtaniya aka fara gano shi a Disamban 2020.

Wurin da canjin ya fi tasiri shi ne ƙayoyin da ke kewaye da jikin ƙwayar, waɗanda take amfani da su wajen maƙalewa a jikinmu. Yawancin alluran da aka ƙera siffar wannan ƙaya suke nuna wa jiki, domin ya haddace ta kafin ranar haɗuwa. Jiki kuma yakan tanadi runduna biyu. Akwai sinadaran kariya da ke yawo cikin jini, masu kama bakin ƙayar su toshe ta. Akwai kuma ƙwayoyin garkuwa masu dogon tunani, musamman waɗanda likitoci ke kira ƙwayoyin T, masu farautar duk ƙwayar halittar da cuta ta shiga su hallaka ta.

Rundunar farko kamar maigadi ce da aka kwatanta masa ɓarawo da rigarsa da hularsa. Ran da ɓarawon ya sauya tufafi, yana iya yi masa sallama ya wuce. Amma mutanen cikin gida sun san tafiyarsa, sun san muryarsa, ko me ya saka za su gane shi, sai dai kafin su farka su taru yakan ɗan yi ɓarna a zaure. Ƙayar korona tana da gaɓoɓi 1,273. Sinadaran kariya 'yan wurare kaɗan suke kamawa a bakinta, shi ya sa canji kaɗan a wurin ke rikita su. Ƙwayoyin T kuwa guntaye da dama suke ganewa daga sama har ƙasa, kuma yawancin waɗannan guntayen ba su canza ba. Ga kuma lokaci yana taimakon su: kamuwa a hanci cikin kwana biyu zuwa uku take kankama, amma ciwon huhu mai kisa yakan ɗauki mako guda ko fiye. A wannan tazarar ce jikin da aka yi wa allura ke tashi tsaye.

Gargaɗin farko daga Afirka ta Kudu

A ranar 1 ga Fabrairu, 2021, allurar AstraZeneca miliyan ɗaya ta sauka a Afirka ta Kudu daga Indiya, shugaban ƙasa da kansa ya je filin jirgi tarbarta. Mako guda bai cika ba gwamnati ta dakatar da shirin fara amfani da ita. Dalili shi ne binciken da Farfesa Shabir Madhi na Jami'ar Witwatersrand ya jagoranta a kan mutum kimanin 2,000, wanda ya nuna cewa allurar kusan ba ta hana ciwo mai sauƙi ko matsakaici idan nau'in Beta ne. A daidai lokacin, allurar Novavax da ta nuna ingancin kusan kashi 90 a Birtaniya ta sauko zuwa kimanin kashi 50 a Afirka ta Kudu. Allura ɗaya ce, ƙwayar ce ta bambanta.

Sai dai akwai abin lura a binciken Madhi. Yawancin mutanen da ke ciki matasa ne 'yan kimanin shekara 30, kuma babu wanda ciwon ya yi wa tsanani a ɓangarorin biyu. Saboda haka binciken bai ce komai ba game da kare dattijo daga mutuwa. Madhi da kansa ya yi ta jan hankali a kan wannan, yana ganin bai kamata a hana masu rauni allurar da ke hannu ba. Ƙasar ta sayar da kason nata ga wasu ƙasashen Afirka, ta koma ga allurar Johnson & Johnson, aka yi wa ma'aikatan lafiya kusan rabin miliyan a shirin da aka kira Sisonke. Sakamakon shirin ya nuna kariya mai ƙarfi daga kwanciya asibiti da mutuwa, a zamanin Beta da na Delta duka.

Delta, da raunin da lokaci ke kawowa

Delta ta yi wa Indiya mummunar ɓarna a watannin Afrilu da Mayun 2021, sannan ta bazu duniya. Hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta auna ta, ta gano cewa allurar Pfizer guda biyu tana hana ciwo mai alamu da kashi 88, AstraZeneca kuma kashi 67. Amma wanda ya tsaya a allura ɗaya, kariyarsa ba ta wuce kimanin kashi 31 ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mutane da yawa a nan sun karɓi ta farko, suka ajiye katin a aljihu, ba su sake waiwayar asibiti ba.

A daminar 2021 ce kuma aka fahimci cewa ba rikiɗar ƙwaya kaɗai ke rage kariya ba. Sinadaran kariya da ke cikin jini raguwa suke yi wata bayan wata, kuma haka jiki yake yi da kowace cuta, don ba zai yiwu ya ci gaba da zama cikin shirin yaƙi har abada ba. Isra'ila, wadda ta riga kusan kowa yi wa jama'arta allura, ita ta fara ganin haka, ta kuma fara ba wa 'yan sama da shekara 60 allura ta uku a ƙarshen Yulin 2021.

Omikron ta zo da nata salon

A watan Nuwamban 2021, masana a ɗakin binciken Dokta Sikhulile Moyo da ke Gaborone a Botswana, da takwarorinsu na Afirka ta Kudu irin su Farfesa Tulio de Oliveira, suka ci karo da wata ƙwaya mai canje-canje kusan 50, fiye da 30 daga ciki a jikin ƙayar kaɗai. Ba su ɓoye ba. An sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya a ranar 24 ga wata, bayan kwana biyu ta sa mata suna. Tukwicin da suka samu shi ne ƙasashe da dama suka rufe wa kudancin Afirka ƙofa, Birtaniya ma ta saka Najeriya cikin jerin waɗanda ta rufe wa ƙofa a farkon Disamba kafin ta janye bayan 'yan kwanaki. Daga baya aka gano cewa ƙwayar ta riga ta kasance a ƙasar Holan tun kafin sanarwar.

Cikin makonni biyu ɗakin binciken Alex Sigal a Durban ya nuna cewa ƙarfin jinin masu allura wajen toshe Omikron ya faɗi fiye da ninki 20. Alƙaluman wani babban kamfanin inshorar lafiya na Afirka ta Kudu suka biyo baya a tsakiyar Disamba: allurar Pfizer biyu tana hana kamuwa da kashi 33 kawai, amma tana hana kwanciya asibiti da kashi 70. A Ingila an ga kariyar allura biyu daga ciwo mai alamu ta faro daga kimanin kashi 65, ta zube ƙasa da kashi 10 bayan wata shida. Allura ta uku ta ɗaga ta zuwa kashi 67, ta sake fara sauka bayan makonni. Kariya daga kwanciya asibiti kuwa, bayan allura ta uku, ta kai wajen kashi 90. Masana a Jami'ar Cape Town suka gano sirrin: kashi 70 zuwa 80 na ƙarfin ƙwayoyin T yana nan daram a kan Omikron.

Wasu sun ce ai Omikron ce ba ta da zafi, ba allura ce ta yi aiki ba. Gaskiya ne ba ta kai Delta cin huhu ba, amma abin da ya faru a Hong Kong ya isa amsa. Birnin ya yi shekara biyu yana tsare kansa, cutar ba ta shiga sosai ba, tsofaffi da yawa kuma suka ga babu dalilin yin allura. Da Omikron ta kutsa a farkon 2022, mutum kusan 6,000 suka mutu cikin makonni goma sha ɗaya, kashi 96 nasu 'yan shekara 60 zuwa sama, mafi yawansu ba a taɓa yi musu allura ko ɗaya ba. A cikin dattawan, haɗarin mutuwar wanda ba shi da allura ya ninka na mai allura biyu kimanin sau 20. Asibitoci suka cika har ana kwantar da tsofaffi a waje, cikin sanyi, lulluɓe da barguna.

Me ya sa ake ganin masu allura a gadon asibiti?

Wannan lissafi ne mai sauƙi da ke rikita har masu ilimi. A ɗauka akwai gari mai dattawa 1,000, an yi wa 900 allura, 100 suka ƙi. A ɗauka cutar tana kwantar da 10 cikin kowane 100 marasa allura, allurar kuma tana rage wannan haɗari da kashi 90. Daga cikin waɗanda suka ƙi, 10 za su kwanta. Daga cikin masu allura, 9 za su kwanta. Wanda ya leƙa ɗakin jinya zai tarar da mutum 19, kusan rabinsu da katin rigakafi a ƙarƙashin matashi, ya fito yana cewa allura ba ta aiki. Abin da idonsa bai gani ba shi ne mutum 81 da ke gida lafiya lau, waɗanda da babu allura da suna kan waɗannan gadaje. Da irin wannan lissafi ne masana a Kwalejin Imperial ta Landan suka ƙiyasta cewa alluran sun ceci rai tsakanin miliyan 14 zuwa kusan miliyan 20 a shekararsu ta farko kaɗai.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Cututtuka ba halinsu ɗaya ba. Ƙwayar ƙyanda ma tana canzawa, amma wurin da take kama jiki da shi ba ya jure canji, shi ya sa allurar da aka samar tun 1963 har yau tana aiki. Murar infuluwenza kuwa kullum cikin sauya kama take, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi al'ada ta zauna sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, don zaɓen nau'in da za a saka a allurar kakar da ke tafe. Korona ta bi sahun mura. An fito da allura mai haɗe da Omikron a 2022, aka sabunta ta zuwa nau'in XBB a 2023, sannan JN.1 a 2024.

Mutanen ƙasar Hausa sun ga makamancin wannan a kan sanƙarau, duk da cewa ƙwayarsa daga wani jinsi take daban. A annobar 1996, fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, kuma nau'in A ne ya yi wannan ɓarna. Da aka kawo allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, nau'in A ya kusa ɓacewa. Sai nau'in C ya ɗago kai a Sakkwato da Kebbi, ya afka wa Yamai a 2015, ya kuma kashe fiye da mutum 1,100 a 2017, mafi yawa a Zamfara da maƙwabtanta. Allurar farko ba ta gaza ba, abin da aka ƙera ta dominsa ta gama da shi. Maganin matsalar shi ne sabuwar allura mai kare nau'i biyar, wadda Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita a 2024. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Inda muka tsaya, da abin da ya rage

Yayin da ƙasashe masu arziki ke muhawara kan allura ta uku, mu ta farko muke nema. Ghana ce ta fara karɓar kason shirin raba allura na COVAX a ranar 24 ga Fabrairu, 2021, Najeriya ta karɓi kusan miliyan huɗu a ranar 2 ga Maris. Kafin wata ya ƙare Indiya ta tsayar da fitar da allura don ta ji da nata bala'in, sai layi ya tsinke. Da gudummawa ta dawo, wasu alluran saura 'yan makonni wa'adinsu ya ƙare. A ranar 22 ga Disamba, 2021, daidai lokacin da Omikron ke tashe, 'yan jarida suka tsaya a jujin Gosa da ke wajen Abuja suna kallo katafila tana murƙushe kwalaye ɗauke da allura fiye da miliyan ɗaya da suka lalace. A ƙarshen wannan shekara, waɗanda aka yi wa cikakkiyar allura a Najeriya ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Kuma kada mu yaudari kanmu cewa cutar ba ta taɓa mu ba. Kanawa ba su manta da Afrilun 2020 ba, lokacin da masu haƙan kabari suka gaji, aka yi ta rasa malamai da dattawan gari. Ministan lafiya na lokacin ya ce mutum 979 suka rasu, kuma rabi ko fiye suna da nasaba da korona.

Shakkun da mutanenmu ke yi wa allura yana da tarihi. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kimanin 200 a Kano a 1996, wanda ya kai ga shari'a da sasantawa a 2009, da dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, duk suna nan a zukata. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya razana. Al'umma irin wannan ba a yi mata alƙawarin da ya fi ƙarfin allura. Ma'aikacin lafiyar da ya ce wa tsoho, "Baba, in aka yi maka ba za ka kamu ba," ya ci bashin da zai biya da mutuncinsa ran da tsohon ya fara tari. Wanda ya ce, "Baba, za ka iya kamuwa, amma da yardar Allah ba za ta kai ka ga kwanciya ba, kuma bayan wata shida ka dawo a ƙara maka," shi ne za a sake saurara gobe.

Wata annobar za ta zo, kuma ƙwayarta ma za ta rikiɗa. Abu uku ne ya kamata mu riƙe tun yanzu. Na ɗaya, idan allura ta yi ƙaranci, a fara da tsofaffi da masu ciwon suga, hawan jini da raunin garkuwa, domin a nan take ceton rai. Na biyu, a raya ɗakunan binciken da ke karanta halittar ƙwayoyin cuta. Cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ce ta fara karanta ƙwayar korona a duk Afirka a Maris 2020, kuma babu dalilin da zai hana a sami irinta a jami'o'in Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Na uku, mu koma ƙera allura da hannunmu. Ɗakin Yaba a Legas ya yi shekaru kusan 50 yana samar da rigakafin agana da shawara kafin a rufe shi a 1991, yau kuma Afirka na shigo da kusan kashi 99 na alluran da take amfani da su. Ƙasar da ba ta iya gane sabon nau'in cuta da wuri, ba ta kuma iya sabunta allurarta, za ta ci gaba da zama a ƙarshen layi tana jiran ragowar wasu. Wannan kuwa abu ne da ake gyarawa a kasafin kuɗin bana, tun asibitoci ba su cika ba.